Kumatun da Ba Nawa Ba

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan zaure. Na san na yi shiru, har wasunku sun biyo ni ta saƙo suna tambaya ko an fasa bikin ne. Ba a fasa ba, har zuwa lokacin da nake danna waɗannan haruffa dai. Barci ne ya ɗauke ni daga cikinku, kuma labarin barcin zan ba ku yau.

Don waɗanda suka shigo daga baya: Lauratu sunana, a Mayo nake, can kudancin Khartum inda kwalta take ƙarewa. Baba yana gasa agashe a Suk al-Arabi, wato tsiren nan namu da Larabawa suke layi a kansa. Yumma, mahaifiyata, shayi take sayarwa a gindin bishiya kusa da tashar motoci, duk ranar da 'yan kame ba su zo sun kwashe mata kujeru da murhu ba. Wanda zan aura Mahir ne, mai gyaran waya, ɗan Umdurman. Su ma Hausawa ne, amma sun daɗe a can har Hausar tasu ta koma rabi Larabci. Ba wanda ya matsa mini a kansa. Da Baba ya tambaye ni, bakina ne ya kasa, kaina ya amsa.

Ni siririya ce tun ina yarinya. Ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi ni. Ina ci ina ƙoshi, kuma ni nake ɗaukar wa Yumma jarkar ruwa da gawayi zuwa tasha kullum da safe, in dawo a ƙafa, ban taɓa jin numfashina ya yi sama ba.

Ranar da aka sa rana, yayar Mahir, Awadiyya, ta zo cikin tob, dogon mayafin da matan ƙasar nan suke naɗe jiki da shi, ruwan zuma mai ƙyalli, zinare tun daga tsintsiyar hannu har kusa da gwiwa. Ta zaunar da ni a gefenta, ta zagaye hannuna da yatsa biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta ɗaga hannun don mata su gani, ta ce wannan in an naɗa mata tob sai an ɗaure da igiya, kar iska ta ɗauke musu amarya a kan gada. Aka yi dariya. Yumma ma ta yi, har ta fi kowa. Amma da suka tafi ta zauna ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Bayan nan aka sa ni habsa. Ku na Kano da Damagaram ban san ko kuna yi ba. A nan amarya takan shiga ɗaki wata guda ko biyu kafin biki, ba rana, ba aiki, ba fita, ango ma ba ya ganinta. Sai zama a kan ramin hayaƙin turare, sai murzar jiki da dilka, sai ci. Awadiyya ta aiko da bokitin roba cike da garin madida, wani kunu mai kauri, da ta haɗa da hannunta, hulba da dabino da gero, ta ce a dama mini da man shanu kowace safiya. Yumma takan dama ta ajiye mini kafin ta fita, da kaurin da cokali yake tsayawa a ciki. Da rana asida, tuwon nan ƙasar. Bayan la'asar in ta dawo, babban kofin shayin madara da zalabiya, irin fanken nan.

Shi kuwa Mahir mutum ne mai kaffa-kaffa da jikinsa. Shayinsa ba sukari. Bayan asuba yakan sa takalmin gudu ya bi bakin Nil har rana ta fito. Yana idar da isha ya kashe waya ya kwanta, ko me ake yi a gari. Ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifinsu kafin ya rasu, shi ya sa. Saƙonninsa na murya ne, yana yin su yana haki a hanyar komawa gida, yana ce mini jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa. Da na gaya masa abin da yayarsa ta yi mini a gaban mata, ya yi dariya ya ce in rabu da Awadiyya, shi yadda ya gan ni a tasha da jarka a ka, haka yake so na. Wannan saƙon na saurare shi har na haddace inda yake jan numfashi.

Sati biyun farko ba abin da ya canza, sai ƙosawa da zaman ɗaki. Daga baya ne barcin ya fara. Ba irin barcin gajiya mai daɗi ba. Irin wanda yake danne mutum kamar an jibga masa buhu ne. In kwanta da hantsi in farka an yi azahar an tashi, bakina a bushe, kaina yana sara. Ni da ban taɓa rama salla ba tun da na balaga, sai ga ni ina haɗa biyu. In na farka kuma yunwa, yunwar da ban san irinta ba. Wata rana na cinye burodin da Baba ya sha layi a gidan burodi ya samo wa gida duka, a tsaye na cinye, ba ko miya, sannan na zauna na yi kuka don kunya.

Fuskata ta cika, ta yi zagaye kamar faranti. Zoben da yake juyawa a yatsana ya maƙale. Amma ƙafafuna suna nan sirara, har ma sun fi da rauni, in na tsuguna sai na dafa bango nake tashi. Yumma tana murna, tana kama kumatuna tana cewa masha Allah, hulba ba ta ƙarya. Mahir ya ce tunda an hana shi gani na, in riƙa tura masa hoto duk Juma'a. Na tura. Ya aiko da zuciya ja har jere, ya ce habsa ta karɓe ni.

Ƙawata Ni'mat ce take zuwa yi mini dilka. Tare muka tashi a layi ɗaya, ta riga ni aure da shekara uku. Ranar ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, tana murza mini baya tana ba ni labarin uwar mijinta da ta ce wai fanka tana sa mura, muna dariya. Sai na ji hannunta ya tsaya a ƙeyata. Ta danna wani tudu da ya fito mini a gindin wuya, ta ce in juyo. Ta duba gefen cikina, inda wasu layuka jajaye suka fito kamar an ja farce. Ta goge hannunta a zani.

"Laure, najma kike sha?"

Na ce mene ne najma.

"Kar ki raina mini hankali, ni ma na sha. Ƙwayar ƙiba. 'Yar ƙarama, ana sayar da ita a bayan tebur wajen masu man shafawa."

Na rantse mata ko maganin ciwon kai ban sha ba tun da na shiga ɗaki. Ta dube ni sosai, ta ga da gaske nake, sai ta tashi ta tura ƙofa. Ta ɗaga rigarta ta nuna mini irin layukan nan a cikinta, nata sun yi fari. Ta buɗe jakarta ta nuna mini allurar da take yi wa kanta. Ashe suga gare ta, ni ƙawarta ban sani ba, mijinta kaɗai ya sani. Ta ce wata uku ta sha kafin bikinta, kowa yana yaba kumatu, bayan biki aka kwantar da ita asibiti. Ta ce hulba ba ta yin wannan tudun, man shanu ma ba ya yi. In ba ni nake sha ba, to ana ba ni. Ta ƙara da cewa likita ya gaya mata ba a yanke ta rana ɗaya, jiki yana iya faɗuwa, sai an je an auna a rage a hankali. Ta ce in nemi hanyar zuwa asibiti ko da za a ce na karya habsa.

Da ta tafi na zauna ina kallon bokitin Awadiyya a kan kanta. Wa ya riƙe hannuna ya nuna wa duniya? Wa ya ce da hannunsa ya haɗa garin, kar a bari kowa ya taɓa sai amarya? Na buɗe bokitin na shinshina, na ɗebi garin na murza a tafin hannu, na kai bakin taga ina neman farin abu a ciki. Gari dai gari ne, ba abin da ido zai raba.

Na ɗauki waya na danna zan yi wa Mahir magana. Na ce, "Yayarka..." sai na tsaya, na goge. Na sake yi, na sake gogewa. Ku da kuka san ni kun san ko sunansa ban iya faɗa a gabansa, balle in ce masa yayar da ta raine shi tana sa mini guba a abinci.

Sai na yanke shawarar in gwada da kaina. Yumma tana fita da safe, ni kuma in ɗauki kwanon madida in juye a ramin shara in rufe da toka. Na tuna gargaɗin Ni'mat, na zauna ina jiran jikina ya faɗi ko ya saki. Kwanaki suka wuce. Bai faɗi ba, bai saki ba. Barcin yana nan, ƙishirwar tana nan, zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu alhali daga gado zuwa randa kawai na je.

A nan ne zargin ya bar Umdurman ya shigo gidanmu. Na fara shinshina ruwan randa. Na fara kallon maƙwabciyar da take kawo mana kisra, wainar dawa mai laushi kamar takarda. Har Ni'mat na zarga, na ce ko baƙin ciki ne ya sa ta tsorata ni don ita ta lalace. Allah ya yafe mini. A tsakiyar haka Mahir ya turo saƙo, yana haki kamar kullum, ya ce yau ya kai har gada ya dawo, ya tambayi ko ina shanye duk abin da ake ba ni. Na amsa da e. Na sake saurara. Shanyewa ya ce, bai ce cinyewa ba. Na ture tunanin, na ce ai madida sha ake yi.

Abu ɗaya ne ban taɓa zarginsa ba, shayin la'asar, don a gaban Yumma nake sha.

Ranar Laraba bayan la'asar na kwanta a gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, na rufe fuska da mayafi marar kauri, na tauna ɓawon lemun tsami don kar barcin gaske ya ɗauke ni. Yumma ta shigo da kayanta, ta kira sunana a hankali, na yi shiru. Ta hura gawayi, ta ɗora madara. Ta cikin mayafin ina ganinta. Ta waiwayo ta dube ni, sannan ta kwance bakin tob ɗinta, ta fito da 'yar leda. Ta zuba wasu 'yan abubuwa biyu a faranti, ta kifa gindin kofin gilashi a kai ta murza. Wannan ƙarar na sha jin ta cikin barci, ina zaton citta take dakawa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Sai dai na gan ni tsaye a kanta, mayafin a ƙasa.

"Yumma, mene ne wannan?"

Kofin ya kusa suɓuce mata. Ta ce maganin ƙarin jini ne. Na ce to ta ba ni ledar in gani. Ta ce tun yaushe na fara tuhumar uwata. Hannuna dai yana miƙe. Sai ta ajiye ledar a tafina. 'Yan ƙanana ne kamar yadda Ni'mat ta faɗa, babu kwali, babu rubutu.

Daga nan ta fara magana da sauri-sauri, ƙasa-ƙasa don maƙwabta. Ta ce duk amaren layin nan sun sha, wace ce ta mutu. Ta ce ina ji aka yi mana dariya a cikin gidanmu, a kan tabarmarmu. Ta ce so nake ranar biki matan Umdurman su ce 'yan Mayo sun kawo musu 'yar yunwa, uwarta mai shayi ta kasa ciyar da ita. Na ce mata Ni'mat allura take yi wa kanta kullum. Ta ce na Ni'mat gado ne a danginsu. Na nuna mata wuyana, na nuna mata cikina. Ta sa yatsa ta taɓa layukan, ta janye kamar ta taɓa garwashi.

"Ni ban san tana yin haka ba," ta ce. "An ce mini ci kawai take buɗewa."

"Wa ya ce?"

"Ni na san inda ake sayar da ita ne? Daga tasha sai gida. Tambayi wanda ya kawo."

Na ce Awadiyya. Ta girgiza kai. Ta juya ta sauke madarar da ta riga ta zube a wuta, ba ta dube ni ba ta ce Mahir ne ya tsaya a teburinta wata safiya, ya sha shayinsa, ya miƙa mata ledar, ya ce kar a gaya mini don yarinya ce mai tsoro.

'Yan uwa, ban yarda ba. Na ce a raina uwa ce ta ji kunya tana neman wanda za ta rataya wa. Mutumin da ba ya yarda cokalin sukari ya shiga cikinsa? Amma kuma Yumma ba ta taɓa yi mini ƙarya da sunan wani ba. Daren nan da yinin Alhamis na yi su ina jujjuya su biyun. In na gaskata ɗaya, na rasa ɗaya. Saƙonsa ya shigo da safe, ban buɗe ba. Shayin yamma kuma na sha da ƙwayar a ciki, da idona a buɗe, saboda abin da likitan Ni'mat ya faɗa. Yumma tana miƙo mini tana hawaye.

Ranar Juma'a Mahir yakan zo gaida Baba bayan masallaci, su zauna a ɗakin baƙi na bakin ƙofa, Yumma ta kai musu shayi, ni ina ciki ina jin muryarsa ta bango. Jiya ma ya zo. Ina jin su suna maganar layin mai da tsadar nama. Can wani maƙwabci ya yi sallama, Baba ya fita wajensa.

Na naɗa farin tob ɗin Yumma, na rufe kai. Ta gama jera tire, na sa hannu na ɗauka. Ta riƙe gefen tob ɗin ta ce in rufa mata asiri, amarya ba ta fita a habsa, me mutane za su ce. Na ce mata yau dai zan fita. Ta saki.

Daga madafa zuwa ɗakin baƙi ba nisa, amma sai da na tsaya na huta a tsakiya. Na yi sallama. Yana zaune cikin farar jallabiya, rawani a gwiwa, waya a hannu. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe tsaye yana murmushi.

"A'a. Wace ce wannan? Ni dai na san wata 'yar siririya a gidan nan."

Ban yi dariya ba. Na durƙusa na ajiye tiren a gabansa. Buta, kofi biyu, da farantin da ledar take a kai, na kwance bakinta yadda zai gani. Na koma gefe na zauna, na saki tob ɗin daga kaina, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Ina so ya ga wuyan, ya ga fuskar a fili, ba a hoto ba.

Ya dubi farantin. Na ƙura wa idonsa ido, ina roƙon Allah ya tambaye ni mene ne wannan. Bai tambaya ba. Ya zauna a hankali, ya ɗaga ledar ya auna ta a hannu, ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Har ta kusa ƙarewa? Nawa take ba ki a rana?"

Na ce biyu.

"La ilaha illallah. Ni ɗaya na ce mata. Ɗaya tak, zuwa biki, shi ke nan a daina. Laure, ba don ni ba ne wallahi. Kin san bakin Awadiyya, kin san matan gidanmu. Ban so ki shiga cikinsu suna nuna ki da baki ba. Mai shagon ya ce ɗaya ba ta komai."

Na matsa na ɗauki butar na tsiyaya masa shayi. Na ɗauki ƙwaya guda na ajiye a gefen kofinsa.

"To ga ɗayar. Sha."

"Laure."

"Ka ce ba ta komai."

Ya dubi ƙwayar, ya dube ni. Hannunsa ya ɗago daga gwiwa, ya tsaya a iska, ya koma inda yake. Na jira. Shayin yana hayaƙi a tsakaninmu, bai taɓa ba.

Na gaya masa gobe zan je asibiti a auna ni, da habsa ko ba habsa, kuma ban sani ba tukuna ko bayan nan akwai sauran magana tsakaninmu. Ban taɓa haɗa masa kalmomi masu yawa haka a jere ba. Ya buɗe baki zai amsa, sai labule ya ɗaga.

Baba ne. Ya gan ni kai a buɗe a ɗakin maza, ya ga Yumma a bayansa ta toshe baki da tob, ya ga surukinsa ya sunkuyar da kai. Ya tako ya tsuguna, ya ɗauki ƙwayar da yatsa biyu ya kai ta kusa da ido.

"Wa ba shi da lafiya a ɗakin nan?"

Mahir bai ɗago ba. Yumma ta juya fuska ga bango. Baba ya juyo gare ni, yana jira.